Tsadar Rayuwa: Nawa Ne Kason Shugaban Ƙasa a Cikin Laifin?

A Gadarif, a gabashin Sudan, in ka zauna wajen mai shayi a bakin kasuwar amfanin gona bayan la'asar, kafin ka kai rabin kofi wani ya ɗauko zancen tsada. Nan take benci zai rabu biyu. Wasu su ce duk abin da ya same mu daga fadar Khartum ya fito, wasu su ce ai duniya ce gaba ɗaya ta ɗau zafi, shugaba me zai yi. Shekaru na yi ina riƙe wa dillalan riɗi lissafi a wannan kasuwa, kunnena ya sha wannan musu har ya ƙoshi. Ga tambayoyin da suka fi dawowa, da abin da nake amsawa in an ba ni dama na kai ƙarshen magana.

Shugaban ƙasa ne yake sa wa kaya farashi?

Yawanci a'a. Ɗauki burodi guda ka bi sawunsa. Alkamar da aka yi shi da ita galibi ba a gonarmu ta tsiro ba, jirgin ruwa ne ya sauke ta a Bur Sudan, kuma kafin 2022 mafi yawanta daga Rasha da Yukren take zuwa. Ranar 24 ga Fabrairun 2022 Rasha ta auka wa Yukren, alhali su biyun ke fitar da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na alkamar da ake sayarwa a duniya. Cikin makonni farashi ya yi tashin gwauron zabo. Ba wanda ya nemi shawarar Khartum kafin a harba harsashin farko.

Sai dai burodin nan farashi biyu yake ɗauke da su. Akwai kuɗin alkama da dala, akwai kuma kuɗin dalar kanta da fam ɗinmu, wanda muke kira jine. Na farkon a kasuwar duniya ake yanke shi. Na biyun kuwa a gida ake dafa shi, kuma shi ne ya fi ƙona mu.

To ta yaya zan bambance abin da duniya ta jawo da wanda aka jawo a gida?

Leƙa gidan maƙwabci. In an kwana ana ruwa a gari, kowa zai ga danshi a bango. Amma in ɗakinka kaɗai ne ya cika har tabarma na iyo, kada ka tuhumi hadari, ka nemi wanda ya yi maka rufi.

A 2022 kusan ko'ina kaya sun tashi. A Amurka hauhawar farashi ta kai kashi 9.1 cikin ɗari a watan Yuni, a Ingila ta kai kashi 11.1 a watan Oktoba, har jama'arsu na ta kuka. A Saudiyya, inda da yawanmu ke da ɗa ko ƙane, ba ta kai kashi 4 ba, kuma riyal na nan a 3.75 kan dala ɗaya tun 1986. Mu fa? A watan Yulin 2021 tamu ta haura kashi 400, wata bakwai kafin yaƙin Yukren. Kashi goman da kowa ya sha, wannan ka bar wa duniya. Sauran ɗari uku da casa'in, a gida za a nemi mai su.

Ba ɓallewar Kudu ce ta karya mu ba? Wane shugaba ne zai rasa man fetur ɗinsa ya tsaya da ƙafarsa?

Wannan ita ce hujjar da magoya bayan tsohon shugaba Umar al-Bashir suka fi riƙewa, kuma ba ƙarya ba ce. Ranar 9 ga Yulin 2011 Sudan ta Kudu ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man da ƙasar ke haƙowa. Man nan shi ne ke kawo mafi yawan dalar da ke shigowa. Ko wa ke kan kujera a ranar, sai ya ji a jikinsa.

Amma abin bai zo ba zato ba tsammani ba. A watan Janairun 2005 aka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya a Nairobi, kuma a cikinta aka rubuta cewa bayan shekara shida 'yan Kudu za su kaɗa ƙuri'ar zama ko tafiya. Shekara shida cur ana ganin hadarin yana haɗowa. Da aka yi ƙuri'ar a Janairun 2011, kusan kashi 99 cikin ɗari suka zaɓi tafiya, abin da ko yaron da ke tallan ruwa a tashar mota zai iya faɗa maka tun kafin a buɗe akwati.

Tun 1999 aka fara tura mai ta bututun da ya taso daga Hijlij zuwa gaɓar Bahar Maliya. Daga nan zuwa 2011 shekara goma sha biyu ke nan ta wadata. Sarkin Masar shekara bakwai kawai Annabi Yusuf (AS) ya fassara masa, aka tara hatsi a zangarniyarsa, ta ishe su har da maƙwabta. Mu an ba mu goma sha biyu. Ba zan ce ba a yi komai ba: an shimfiɗa tituna, an yi gadoji, an buɗe madatsar ruwan Marawi a 2009, kodayake da yawa da bashi aka yi su. Amma aikin noman Jazira, wanda madatsar Sinnar ke shayarwa tun 1925, mai faɗin fiye da fadan miliyan biyu (fadan ɗaya kusan eka ɗaya ne), a waɗannan shekarun ne magudanansa suka cushe da laka da ciyawa, audugarsa ta ja baya. Iyayenmu da kakanninmu da suka tsinci auduga a can sun san yadda yake a da. Jirgin ƙasa ya zama sai labari. Kuɗi masu yawa yaƙin Kudu da na Darfur da hukumomin tsaro suka haɗiye.

Da man ya tafi, ba rumbu ba tsimi. Aka koma buga takardar kuɗi ana cike giɓin kasafi, har da sayen zinare da ita. Akwai wani dattijo da ke zama kusa da sikelinmu, har yau da tsohon lissafi yake ƙirga kuɗi, na kafin 2007, lokacin da aka mayar da tsohon fam 1,000 ya zama sabon fam ɗaya. Rannan ya miƙa wa mai shayi takardar dubu ɗaya, ya juyo ya ce da ni, "Ɗana, ka ga miliyan guda na ba ta." Na ce, "Baba, ai dubu ce." Ya ce, "A wajenku. Ni da na auri uwar 'ya'yana da abin da bai kai fam ɗari ba, miliyan ce." Lokacin da aka fito da sabon fam ɗin nan, biyu da 'yan kai ke sayen dala.

Saboda haka tafiyar mai masifa ce, amma shigarta gida ta tarar da mu hannu rabbana, wannan aikin mai mulki ne. Kuma ita kanta ɓallewar ba daga sama ta faɗo ba, siyasar shugabanni ce ta haife ta, tun kafin Bashir har zuwa kansa.

Takunkumin Amurka fa? Ba shi ne ya shaƙe ƙasar ba?

Ya shaƙe ta. A 1993 Amurka ta sa Sudan cikin jerin ƙasashe masu goyon bayan ta'addanci, a 1997 ta ƙaƙaba takunkumin ciniki. Kayan gyaran jiragen sama da na jiragen ƙasa suka yi wuyar samu. Da aka ci tarar bankin BNP Paribas na Faransa kusan dala biliyan 9 a 2014 saboda karya takunkumi, har da na Sudan, sai bankunan waje suka riƙa gudunmu kamar masu ƙyanda. Mai fitar da riɗi sai ya bi ta Dubai kafin kuɗinsa su iso, kowace kusurwa ana yankar wani abu, kuma a ƙarshe manomi ne ke biya.

Abu biyu dai nake tuna wa mutane. Na farko, ruwa ba ya tsami banza: gwamnati ce ta saukar da Usama bin Laden a Khartum daga 1991 zuwa 1996. Na biyu, an ɗage takunkumin ciniki a watan Oktoban 2017, sai ga shekarar da ta biyo baya ta fi duk na baya muni. A farkon 2018 farashin dala na hukuma ya tashi daga fam 6.7 zuwa 18, a watan Oktoba ya kai 47.5. A shekarar ne na yi kwana uku ina sammako zuwa wani banki don in ciri kuɗina na kaina, ana raba mana lamba a ƙofa kamar masu karɓar sadaka, a rana ta uku aka ce ba kuɗi, a dawo gobe. Da burodin fam ɗaya ya koma uku a Atbara a watan Disamba, gari ya tashi, Gadarif ma tana cikin na farko-farko. Ranar 11 ga Afrilun 2019 soja suka sauke Bashir bayan kusan shekara talatin. A gidansa aka samu tsabar kuɗin waje kusan Yuro miliyan 7, lokacin da mu muke layin lamba.

Ai a zamanin Hamdok abin ya fi tsanani. Ashe shi ya fi kowa laifi ke nan?

In da ranar da ciwo ya fi zafi ake gane wanda ya jawo shi, da kullum wanzami ne mai laifi. Abdalla Hamdok ya karɓi aikin Firayim Minista a watan Agustan 2019, ya tarar da bashin waje na fiye da dala biliyan 50 da baitulmali wayam. Sai ga korona, sai ga ambaliyar 2020. A watan Fabrairun 2021 gwamnatinsa ta mayar da dala daga fam 55 zuwa kusan 375, a watan Yuni ta cire tallafin fetur da dizal gaba ɗaya. Gaskiyar magana, dalar fam 55 a takarda kawai take, sai masu uwa a gindin murhu ke samunta, su juya su sayar a kasuwar bayan fage. Talaka tuni a kan farashin kasuwa yake sayayya.

Abin da aka biya da wannan wahala ya fara fitowa: an cire Sudan daga jerin ta'addanci a Disamban 2020, kuma a ƙarshen Yunin 2021 Bankin Duniya da asusun IMF suka amince ta shiga shirin yafe bashi. Inda nake ganin laifinsa shi ne tsari. An cire tallafi da gudu, amma shirin Samarat, wanda aka ce zai riƙa ba kowane mutum kwatankwacin dala biyar a wata, da rarrafe ya zo, gidaje da yawa ba su gan shi ba. Wanda ya ce a yi wa mara lafiya tiyata, shi ne kuma zai tanadi allurar kashe zafi.

Sai dai a tuna, manyan kamfanonin da ke hannun soja da jami'an tsaro ba sa ƙarƙashin ma'aikatar kuɗinsa. Ranar 25 ga Oktoban 2021 kuma aka yi juyin mulki, Amurka ta dakatar da tallafin dala miliyan 700, Bankin Duniya ya rufe famfo, maganar yafe bashi ta tsaya cak. Mun sha ɗacin maganin, aka kifar da kwanon kafin ya yi aiki.

'Yan'uwanmu na Najeriya suna ta aiko da saƙo cewa Tinubu ya gama da su. Daidai ne?

Labarinsu ya yi kama da namu na 2021. Ranar da aka rantsar da shi, 29 ga Mayun 2023, ya ce tallafin mai ya tafi, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki. A watan Yuni aka saki naira, wadda hukuma ke sayarwa kusan 460 kan dala, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta wuce 1,500. Ramin ya gada, ba shi ya haƙa ba, kuma manyan abokan takararsa ma sun ce za su cire tallafin. Amma haɗa duka biyun cikin mako biyu-uku ba tare da an shirya wa talaka matashi ba, wannan zaɓinsa ne, ba wanda zai ɗaukar masa.

Akwai inda za a nuna shugaba da yatsa a ce wannan kam shi ne?

Akwai, kuma misalin da manoman Gadarif suka fi saurin ganewa shi ne na Siri Lanka. A watan Afrilun 2021 Shugaba Gotabaya Rajapaksa ya hana shigo da takin zamani dare ɗaya, ya ce kowa ya koma takin gargajiya. Shinkafa da ganyen shayi suka faɗi. Ya janye dokar kafin shekara ta ƙare, amma aikin gama ya gama. Da ma ya zabge haraji a 2019, korona kuma ta kori masu yawon buɗe ido. A 2022 ƙasar ta kasa biyan bashi, a watan Yuli jama'a suka cika fadarsa, ya tsere.

A Turkiyya, Erdogan ya dage cewa kuɗin ruwa mai yawa ne ke kawo tsada, ya riƙa sauke gwamnonin babban banki, har hauhawar farashi ta kai kashi 85 a Oktoban 2022. A Ingila kuwa gwamnatin Firayim Minista Liz Truss kasafi ɗaya ta gabatar a Satumban 2022, kasuwa ta birkice, ba ta cika wata biyu a ofis ba.

Fari da ambaliya ai daga Allah ne. Ba saɓo ba ne a ɗora wa mutum?

Ba mai hankalin da zai ce shugaba ne ya hana ruwa sauka. Malamanmu ma sukan kawo hadisin Anas, lokacin da kaya suka yi tsada a Madina aka roƙi Manzon Allah (SAW) ya ƙayyade farashi, ya ce Allah ne mai sa farashi. Gaskiya ne. Amma a karanta har da tarihin Sayyidina Umar a shekarar toka, shekara ta 18 bayan hijira. Fari ba shi ya kawo ba, duk da haka ya haramta wa kansa man shanu har fatarsa ta sauya, ya rubuta wa Amru ɗan Asi ya aiko da abinci, ya sa aka riƙa dafa wa waɗanda suka kwararo Madina. Bai ce daga Allah ne ya naɗe hannu ba.

Mu ma muna da namu. A farin 1984, mutanen Kurdufan da Darfur suka taso har bakin Umdurman, Shugaba Ja'afar Numairi ya daɗe yana ƙin amsa cewa akwai yunwa, don kada a ce ƙasar da ya yi wa kirarin rumbun Larabawa tana bara. Dawar agaji da ta zo daga Amurka a makare, har sunan Reagan, shugaban Amurka na lokacin, mutane suka sa mata. Da aka ƙara kuɗin burodi da mai a watan Maris na 1985 gari ya tashi, ranar 6 ga Afrilu soja suka sauke shi yana hanyar dawowa daga Amurka. Rashin ruwa ƙaddara ce. Watannin da aka ɓata ana musu, waɗannan za a tambayi wani.

Ba an ce ba a mugun sarki sai mugun bafade ba?

Bafadawa ne suka ƙirƙiro wannan karin magana don su tsira da kawunansu a gaban sarki, ni dai haka nake zato. Wa ya naɗa bafaden? Wa ya bar shi a kujera bayan an kawo ƙararsa sau goma?

Abin da ya kamata a duba shi ne yawan igiyar da ke hannun mutum. Shugaban Amurka ba shi ke yanke kuɗin ruwa ba, babban bankinsu ne, kuma kasafi sai majalisa ta yarda. Lokacin da bankin ya ɗaga kuɗin ruwa daga kusan sifili zuwa sama da kashi 5 tsakanin 2022 da 2023, abin da ya ƙara wa dala ƙarfi ya matse ƙasashe masu bashi, ba Biden ne ya sa hannu ba. Wanda kuwa ya haɗa soja da majalisa da kotu da babban banki da jarida duk a aljihunsa, ya rufe wa kansa ƙofar cewa ba shi ba ne. Gwargwadon abin da ka ƙwace, gwargwadon abin da za a tambaye ka.

Mu fa, 'yan kasuwa da dillalai, ba mu da kaso?

Muna da shi, kuma a kasuwarmu nake gani. Akwai mai cika sito da dawa ya rufe sai damina ta yi tsakiya. Akwai mai ba ƙaramin manomi bashin shel, wato bashin da ake biya da amfanin gona, a watan Yuli, ya karɓi buhu a kaka kan rabin kuɗinsa. Akwai masu tsallakar da dizal da sukari zuwa iyakar Habasha tun ana tallafi. Laifi tudu ne. Amma mutum ba ya ɓoye dawa ko ya sayi dala sai ya tabbata kuɗin hannunsa gobe ba za su kai na yau ba, kuma ba dillali ne ke buga kuɗin ba.

Ka faɗa mana a taƙaice, kashi nawa ne nasa?

Ba ni da sikelin da ke auna wannan, kuma wanda ya ba ka lamba ɗaya ta kowane shugaba yaudararka ya yi. Ni abu uku nake tambaya. Me ya tarar ranar da ya hau? Me ya yi da shekarun sauƙi? Da wuya ta zo, wa ya ɗora wa nauyin, shi da mutanensa sun ɗanɗana ko talaka kaɗai?

Na san jama'a ba sa tsayawa wannan lissafi. A 2024 jam'iyyun da ke mulki sun sha ƙasa a Ingila da Amurka da Ghana da Senegal, har da Botswana inda jam'iyya ɗaya ta shekara 58 tana mulki, kuma tsada na cikin abin da ya kayar da mafi yawansu. Wasunsu an yi musu hukunci kan abin da ba su shuka ba. Ba na dai jin tausayinsu sosai. Ran da farashin mai ya hau ko damina ta yi kyau, ba wanda ke fitowa rediyo ya ce sa'a ce, kowa cewa yake aikinsa ne. Wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Wannan yaƙin da muke ciki fa?

A nan kam ba inda za a ɓuya a bayan Yukren ko korona. Akwai hannun ƙasashen waje, makamai ba a Umdurman ake ƙera dukkansu ba, zinarenmu ma an san inda yake sauka. Harin da 'yan Husi na Yaman suka fara kai wa jiragen ruwa a Bahar Maliya a ƙarshen 2023 ya ƙara kuɗin dako. Amma yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, tsakanin sojan ƙasa da Janar Burhan ke jagoranta da dakarun RSF na Hamidti, mutanen da suka yi juyin mulkin 2021 tare ne suka juya wa juna bindiga.

Kafin ranar, dala tana kusan fam 600. A cikin 2024 ta wuce 2,000. Matatar man Jaili ta tsaya, masana'antun Bahri sun zama kango, fiye da mutum miliyan goma sun bar gidajensu, kuma a watan Agustan 2024 aka tabbatar da yunwa a sansanin Zamzam da ke Darfur. Da Wad Madani, babban birnin Jazira, ta faɗa hannun dakarun Hamidti a Disamban 2023, makarantun Gadarif suka cika da iyalai, kowane aji gida uku ko huɗu, an raba da zannuwa. Wani manomin Jazira da ya sauka a makarantar unguwarmu ya ce da ni ya baro alkamarsa ta fara kai gwiwa, an yi mata ban-ruwa na biyu ke nan. Ya tambaye ni nawa ake sayar da buhun fulawa a nan. Da na faɗa masa bai ce komai ba, sai ya ɗauki butarsa ya tafi alwala.